HANYOYIN DA SAƘO KE BI BA TARE DA WAYA BA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci abin da ido ke gani da abin da ba ya gani, ya hore su ga ɗan Adam don amfaninsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda sunka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ɗalibai, ya ku iyayen yara, darasinmu a wannan fitowa shi ne hanyoyin da magana da rubutu da hoto ke bi su isa ga mutum ba tare da an ja waya tsakani ba. Larabawa suna kiran wannan fanni "lasilki", wato marar waya. Iyayenmu kuwa "wayar iska" suke cewa. Yau ko yaron da bai kai izifi biyu ba ya iya cewa "babu sabis", amma in ka tambaye shi mene ne sabis ɗin, daga ina yake zuwa, me ke tare shi, sai ya yi shiru. Manyan ma haka.

Dalilin zaɓen wanga darasi

Ba wanda ya manta da shekarar 2021. A ranar 3 ga watan Satumba, wato ƙarshen Muharram na 1443, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umurci kamfanonin waya su kashe turakunsu a duk faɗin Jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnatin jiha ta lokacin Gwamna Bello Matawalle, don a yanke hulɗar 'yan bindiga da masu kai masu rahoto. Da farko mako biyu anka ce. Sai abin ya zarce. Gusau ta samu sabis ranar 1 ga Oktoba, amma sauran ƙananan hukumomi, har da Anka da Gummi da Bukkuyum, sai ƙarshen Nuwamba anka ba da sanarwar maido masu.

To ku tuna abin da ya faru cikin waɗannan makonni. Waya ta zama tocila da agogo. Na'urar POS ta daina fitar da kuɗi. Mai ɗa a Legas ko Fatakwal ba ya jin labarinsa sai ya yi tafiya ko ya ba direba takarda. Amma fa akwatin rediyo bai yi shiru ba. Mai farantin tauraron ɗan Adam bai daina ganin ɗawafi a Ka'aba ba. Samari kuma ba su daina tura wa juna karatu da hotuna daga waya zuwa waya ba. Me ya sa wasu sunka mutu, wasu sunka rayu? Amsa ita ce: ba hanya ɗaya ba ce. Hanyoyi ne daban-daban, kowace da nisan da take ci, da abin da ke tare ta, da wanda makunninta ke hannunsa. Wanda ya san wannan, in ƙofa ɗaya ta rufe ya san wadda zai ƙwanƙwasa.

Mene ne ke ɗaukar saƙon?

Ɗan uwa mai karatu, jefa tsakuwa cikin tabki, za ka ga ruwa yana kaɗawa, da'ira bayan da'ira, har bakin gaɓa. Haka nan in wutar lantarki tana kai da komowa da sauri cikin ƙarfen eriya, wata irin igiya ke fita daga gare shi ta bazu, ido ba ya ganin ta, kunne ba ya jin ta. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Sikotilan, James Clerk Maxwell, shi ya fara nuna samuwarta a kan takarda cikin shekarun 1860. Bajamushe Heinrich Hertz ya tabbatar da ita a ɗakin gwaji a 1887. A watan Disamba na 1901 kuma Marconi, mutumin Italiya, ya aika alama da ita daga Ingila ta ƙetare tekun Atilantika.

A nan akwai gyara ga sunan "wayar iska". Wagga igiya ba iska ke ɗaukar ta ba. Muryar ladan ita ce ke buƙatar iska, kuma tafiyarta kimanin mita 340 ce a sakan ɗaya. Igiyar rediyo kuwa 'yar uwar haske ce, tana ratsa sararin da babu iska ko kaɗan, tana cin kilomita 300,000 a sakan. Shi ya sa kake ganin walƙiya kafin ka ji tsawa.

Yawan kaɗawar igiya a sakan ɗaya shi ake aunawa da "haz", daga sunan Hertz ɗin nan. Megahaz ɗaya kaɗawa miliyan ɗaya ke nan. Ku hardace wagga ƙa'ida, don duk darasin a kanta yake: igiya mai jinkirin kaɗawa doguwa ce, tana cin nisa, tana zagaye dutse da gini, amma kayan da take ɗauka kaɗan ne. Igiya mai saurin kaɗawa gajera ce, tana ɗaukar kaya da yawa, amma ba ta jure nisa, kuma ƙaramin abu sai ya tare ta. Kamar raƙumi ne da babbar mota: raƙumi ya shiga inda babu titi da buhu biyu, mota ta ɗauki ɗari amma sai hanya ta yi kyau.

Yaya kuma rubutu ke hawa igiya? Ku dubi allonku. Jikin harafin ba da na ta iri ɗaya ne, ɗigo ne ya raba su. A rubutunmu na Warshu, fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonta ɗaya a sama. To ita ma na'ura alama biyu kacal ta sani, 0 da 1. Kowane harafi, kowane sauti, kowane hoto, sai ta mai da shi jerin 0 da 1, ta riƙa sauya yanayin igiya gwargwadon jerin, na'urar can ƙetare ta karanta ta maido shi yadda yake. Wannan jerin shi ake kira data.

Masana sun kasa hanyoyin nan zuwa asali uku: igiyar rediyo, da maikurowef, da infared. Sauran duk rassa ne.

Asali na farko: igiyar rediyo

Siffarta ita ce tana bazuwa ta kowace fuska, gabas da yamma, kudu da arewa. Mai aikawa ɗaya, masu karɓa dubbai. Tana da zango-zango.

Gajeren zango yana tsakanin megahaz 3 da 30. Lambobin da ke jikin akwatin rediyon tsofaffinmu, mita 16, 19, 25, 31, 41 da 49, tsawon igiyar ne ake nufi. Allah ya sanya wani rufi can sama wanda hasken rana ke cajawa. Igiyar gajeren zango takan bugi rufin nan ta dawo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita. Ta haka ne muryar da anka watsa daga wata nahiya ke sauka a zauren mai unguwa a Bagega ko Nasarawar Burkullu. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, na Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, na Faransa a 2007, kuma gajeren zango ne ya fara kai muryoyinsu ƙauyukanmu.

Matsakaicin zango yakan bi doron ƙasa da rana, da dare kuma ya ƙara nisa, domin ɓangaren rufin da ke shanye shi yakan gushe bayan faɗuwar rana. Shi ya sa tashar da ba ka kamawa da azahar sai ka ji ta tangaran bayan isha'i.

Zangon FM kuwa yana tsakanin megahaz 87.5 da 108, tsawon igiyarsa kimanin mita 3. Sautinsa ya fi tsabta, amma ba ya dawowa daga sama, sai dai ya tafi gwargwadon tsawon eriyar tashar. Kusa da wanga zango ne oba-oban jami'an tsaro ke aiki, kuma biyu daga cikinsu kan yi magana da juna kai tsaye ba tare da turken kowane kamfani ba.

Wayar hannu ita ma ƙaramar rediyo ce mai aikawa da karɓa. An fara GSM a Nijeriya a watan Agusta na 2001 da kamfanonin Econet da MTN, Glo ya biyo baya a 2003. Layin 2G yana aiki a megahaz 900 da 1800, na 3G galibi a 2100, na 5G kuwa, wanda MTN ya ƙaddamar a 2022, a wajen 3500. Ku auna da ƙa'idarmu: 900 ya fi cin nisa, shi ya sa in ka yi nesa da gari sai wayarka ta koma 2G, ta nuna harafin E. Kira yana shiga, saƙon tes yana tafiya, amma bidiyo ya ƙi buɗewa.

Abin lura shi ne, wayarka ba ta magana da wayar ɗan uwanka kai tsaye, ko da kuna zaune kan tabarma ɗaya. Muryarka sai ta je turke, wanda muke kira ƙarfen sabis, daga nan ta wuce cibiyar kamfani, sa'annan ta komo ta turken da ke kusa da shi. Na'urar POS ma layi ne a cikinta kamar na wayarka. In turke ya mutu, duk sun mutu tare.

Asali na biyu: maikurowef

Wannan igiya ce mai saurin kaɗawa ƙwarai, daga megahaz 1000 zuwa sama. Kun ga ke nan wasu layukan waya sun shigo cikin iyakarta. Siffarta ita ce ana iya tattara ta a harba ta fuska ɗaya kamar hasken tocila. Tana da rassa uku.

Reshe na farko, na turke zuwa turke. In kun bi hanyar Anka zuwa Daki Takwas zuwa Gummi, ku ɗaga kai ku dubi ƙarfen sabis. Dogayen allunan nan farare da ke can ƙoli su ke magana da wayoyinmu. Abin nan kuma mai kama da ganga ko faifai, shi ke kallon ɗan uwansa a wani turke mai nisa. Dole su ga juna, babu dutse ko dogon gini tsakani. Da yake ƙasa a dunƙule take, galibi ba a wuce 'yan gomiyoyin kilomita sai an kafa wani. Haka saƙo ke tsalle daga turke zuwa turke har ya isa inda wayar gilashi ta ƙarƙashin ƙasa take. Wato sarƙa ce. In turke ɗaya na tsakiya ya rasa man janareta, ko anka sace baturansa, garuruwan da ke bayansa duk sai su rasa sabis alhali nasu turken lafiyarsa lau.

Reshe na biyu, tauraron ɗan Adam. Wannan turke ne da anka rataye a sama. Akwai masu zama a nisan kilomita 35,786 bisa tsakiyar duniya, suna zagayawa daidai da juyawar ƙasa, sai ka ga kamar a tsaye suke. Shi ya sa mai saita faranti yake ɗaure shi fuska ɗaya, in iska ta karkata shi hoto ya ɗauke. Nijeriya ta harba irin wannan, NigComSat-1, daga ƙasar Sin a 2007, ya lalace a 2008, anka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamba 2011. Ku yi lissafi: hawa da sauka kusan kilomita 72,000 ne, a raba da 300,000, ya ba da kusan rubu'in sakan. Wannan ne ɗan jinkirin da ake ji a wayar tauraro irin ta Thuraya. Akwai kuma masu tafiya ƙasa-ƙasa, kamar na Starlink da ke wajen kilomita 550, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairu 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Jinkirinsu kaɗan ne, amma da yake gudu suke ba tsayawa, sai an harba dubbai. Fa'idar tauraro ita ce bai damu da daji ko gulbi ba. Aibinsa tsada, da kuma ruwan sama mai ƙarfi, wanda ke raunana igiyar har hoton talabijin ya daskare.

Reshe na uku, na cikin gida: Wi-Fi da Bluetooth. Dukansu suna aiki a wajen megahaz 2400, Wi-Fi yana da ƙarin zango a wajen 5000. Tsawon igiyar 2400 bai kai taƙi ɗaya ba. Bluetooth yakan ci kimanin mita 10, shi ke haɗa waya da sifika ko abin kunne. Wi-Fi ya fi shi nisa da ɗaukar kaya, yakan wadaci gida ko ajujuwa biyu zuwa uku. Ku lura da kyau: Wi-Fi ba shi ne intanet ba. Shi hanya ce tsakanin na'urori makusanta. Manhajar Xender da yara ke tura karatu da ita, Wi-Fi take buɗewa tsakanin waya biyu, ba ta taɓa turke, ba ta cin data.

Asali na uku: infared

Wannan haske ne da ke ƙasa da launin ja, idon mutum ba ya kama shi. William Herschel ya gano shi a 1800, lokacin da ya ga ma'aunin zafi yana hawa a gefen jan haske inda ba a ganin komai. Da shi rimot ke magana da talabijin. Ba ya wuce 'yan mitoci, ba ya ratsa bango, ko tafin hannu ya tare shi. Tun kimanin shekara dubu da ta wuce malaminmu Hasan ɗan Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira, ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske miƙe yake tafiya. Wannan hukunci ya hau kan rimot ɗin gidanku. Raunin nan kuma rahama ne, don ba domin shi ba da rimot ɗin maƙwabci ya riƙa sauya maku tasha. Da irin wanga haske, in an tattara shi ya zama leza, taurarin Starlink ke miƙa wa juna saƙo a sama.

Ga gwaji: ka buɗe kyamarar waya, ka fuskantar da kan rimot gare ta, ka danna. A yawancin wayoyi za ka ga ɗan haske yana ƙiftawa, alhali idonka bai ga komai ba. Sai ka yi tasbihi, ka san cewa rashin ganin abu ba hujja ba ce ta rashin samuwarsa.

Fa'idoji ga magidanta

Yanzu tambayarmu ta farko ta amsa kanta. A 2021 turaku anka kashe, don haka duk abin da ya rataya ga turke ya faɗi: kira, tes, data da POS. Rediyo da faranti daga nesa suke karɓa, Bluetooth da Xender kuwa ba su san turke ba. Daga nan sai mu ciro waɗannan:

1. Kada gida ya rasa akwatin rediyo mai gajeren zango da batir. Ranar da waya ta yi shiru, ta nan za a ji sanarwar ganin wata daga Fadar Sarkin Musulmi, da gargaɗin ambaliya ga mazauna bakin Gulbin Zamfara da Gulbin Ka.

2. In sabis ya yi rauni, fita daga ɗakin kwano, don ƙarfe yana mai da igiya baya. Nemi tudu ko fili mai fuskantar turke. Amma kada neman sabis ya kai yaro bayan gari shi kaɗai a halin da muke ciki, kada kuma a hau itace ko tudu ana walƙiya.

3. Inda kira ke yankewa, tura tes. Kayansa kaɗan ne, yakan sulale ta ƙaramar kafa. Haka lambobin banki masu farawa da tauraro, ba su buƙatar data.

4. Wayar da ke neman sabis inda babu shi tana shan caji da sauri. A kashe ta, a riƙa kunnawa lokaci-lokaci.

5. Ɗalibi ya saukar da karatunsa cikin memori tun da sabis, ya raba wa 'yan ajinsu. Iyaye kuma su rubuta lambobin dangi a takarda, su ajiye ɗan kuɗi a hannu, kada dukiyar gida duka ta rataya ga POS.

Amanar da ke wuyanmu

Abin da anka watsa a sarari, duk mai na'urar da ta dace yana iya kama shi. Don haka a sa wa Wi-Fi kalmar sirri, a rufe Bluetooth in an gama, kada a karɓi abin da baƙuwar waya ta turo. Lambar sirrin banki ba a faɗa wa kowa ita a waya, ko da ya rantse daga banki yake. Shiga Wi-Fi na maƙwabci ba da izininsa ba cin dukiyarsa ne, don da kuɗi ya saye. Mai satar batir ko man turke kuwa ya sani ba kamfani kaɗai ya cuta ba, ya cuci mai naƙudar da anka kasa kira wa mota da tsakar dare.

Igiya ba ta tantance gaskiya da ƙarya, abin da anka ɗora mata shi take kaiwa. A 2020 an baza cewa 5G ke kawo cutar korona, alhali a lokacin ba a ma fara sayar da 5G a Nijeriya ba, kuma ƙwayar cuta ba ta hawa igiyar rediyo. A cikin Suratul Hujurati Allah ya umurce mu da bincike kafin mu yi aiki da labari. Saƙon murya ɗaya na ƙarya, cewa ga mahara nan tafe, ya isa ya watse kasuwa, a tattake yara. Mafi muni shi ne wanda zai ɗauki waya ya nuna wa azzalumai gidan ɗan uwansa. Saboda irinsu ne anka rufe wa jiha guda baki wata da watanni. Ya ku iyaye, ku san wa ɗanku ke kira, ku san wa ke sa masa kati.

Ku kuma ɗalibai, injiniyan da ke hawa turken garinku ya saita gangar nan, da lissafi da kimiyya ya kai can. Babu abin da zai hana ya zama ɗayanku, mace ko namiji, mai hardar Alƙur'ani kuma masanin lasilki. Ku riƙe allo da hannun dama, ku riƙe littafin lissafi da ɗayan.

Aikin gida: kowa ya zagaya gidansu ya rubuta na'urori biyar marasa waya, ya faɗi asalin da kowace ta rataya gare shi cikin ukun nan, da abin da zai faru da ita in turke ya mutu. A rubuta da ajami ko da boko, a kawo wa malamin aji ranar Asabar.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya maido da waɗanda ke hannun azzalumai gidajensu, ya sa wayoyinmu su zama shaida gare mu ba a kanmu ba. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.